Guguwar Teku Da Asibitocin Amurka

Kowace shekara, daga farkon watan Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba, mutanen da ke zaune a gaɓar tekun Atlantika ta wajen Amurka da tsibiran Karibiyan su kan zauna cikin zullumi, gama lokacin ne na guguwar teku. Wannan guguwa ta wuce irin tamu ta bazara wadda ke ɗage jinka ta wuce. Ba a ma kiranta da wannan suna sai gudun iskarta ya kai mil 74 a sa'a guda, ta kan kuma zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ta ingizo teku ya hau tudu. Ran 27 ga Satumba 1924 ba a fara aikin ceto da jirgi mai saukar ungulu ba, amma ran 27 ga Satumba 2024 shi ne ya kuɓutar da mutum fiye da 50, majiyyata da ma'aikata, daga kan rufin asibitin Unicoi a jihar Tennessee, bayan guguwar Helene ta sa kogin Nolichucky ya cika ya kewaye ginin.

Mun bi labarin asibitocin da irin wannan masifa ta auka wa tun daga 2001, abin da muka gani kuwa shi ne, iska ba ta cika rushe ginin asibiti ba. Abin da ke halaka majiyyata shi ne ruwa ya shiga, wutar lantarki ta ɗauke, hanya ta yanke. Yawan waɗanda za su mutu kuma ya rataya ne ga shawarwarin da aka yanke shekaru kafin hadarin ya haɗo.

Bari mu fara da birnin New Orleans. Guguwar Katrina ta sauka ran Litinin 29 ga Agusta 2005. Ganuwar da ke tare ruwa ta fashe a wurare da dama, har ruwa ya cinye wajen kashi 80 cikin 100 na birnin. A asibitin Memorial akwai mutum wajen 2,000 da suka fake, cikinsu da majiyyata fiye da 200. Injinan ba da wuta na asibitin suna sama inda ruwa ba ya kaiwa, amma waɗansu makunnan da ke rarraba wutar suna ƙasa, kusa da daɓe. Da ruwa ya cim musu, kafin wayewar garin Laraba wuta ta mutu ɗungum. Injinan da ke taimakon marasa lafiya numfashi suka tsaya, na'urar hawa bene ta tsaya, famfo ya ƙafe, zafin ɗakuna ya haura digiri 38. Ma'aikata suka riƙa ɗaukar majiyyata a kan zannuwa suna saukowa da su ta matakala cikin duhu, su zura su ta wata kafa a jikin bango zuwa wurin ajiye motoci, sa'an nan a hau da su inda jirgi ke sauka.

A nan ne likitoci suka gamu da tambayar da ba wanda ya shirya musu amsarta, watau wa za a fara fitarwa? Suka kasa majiyyata kashi uku, suka sa waɗanda ciwonsu ya fi tsanani a ƙarshe, haka kuma waɗanda tun da fari aka rubuta cewa kada a farfaɗo da su in zuciyarsu ta tsaya. Da ruwa ya janye an sami gawa 45 a asibitin, ko da ya ke waɗansu sun rasu tun kafin guguwar. Bincike ya nuna maganin mofin da na sa barci a jikin da yawa daga cikinsu. A watan Yuli 2006 aka kama wata likita da ma'aikatan jinya biyu bisa zargin kisa. Likitar ta tsaya a kan cewa sauƙaƙa wa majiyyata azaba ta yi nufi, a Yuli 2007 kuwa taron mutanen gari da shari'ar ƙasar ke ɗora wa duba ƙara suka ƙi yarda a gurfanar da ita. Ba mu ne za mu yanke wannan shari'a ba. Amma muna ganin babban aibu ne a bar mutanen da suka yi kwana uku ba barci su ƙirƙiro ƙa'idar rai da mutuwa da fitilar hannu, alhali hukuma na da shekaru na zaman lafiya da za ta rubuta ta.

A cikin birnin nan dai akwai asibitin Charity na talakawa, wanda aka kafa tun 1736. Shi ma ruwa ya cika ɗakunansa na ƙarƙashin ƙasa, wuta ta mutu. Ma'aikata suka yi ta karɓa-karɓa suna matsa jakar roba da hannu domin hura wa majiyyata iska, dare da rana. Kusa da shi akwai asibitin Tulane, wanda kamfanin da ke da shi ya yi hayar jirage ya kwashe mutanensa, ya kuma ɗauki waɗansu majiyyatan Charity da aka kai masa cikin kwale-kwale. Amma galibin mutanen Charity sai ran Jumma'a aka gama fid da su. Ashe ko cikin ambaliya ma mai gata ya kan riga maras gata fita. Ba a sāke buɗe Charity ba, sabon asibitin da ya maye gurbinsa kuwa sai 2015 ya fara aiki. Shekara goma ke nan talakawan birnin suna neman magani a wuraren wucin gadi.

Mai karatu zai zaci bayan wannan kowane asibiti zai ɗauke kayan wutarsa daga ƙasa. Ina! Bayan shekara bakwai, ran 29 ga Oktoba 2012, guguwar Sandy ta turo teku cikin birnin New York. A asibitin NYU Langone da na Bellevue injinan wuta suna bisa bene, amma tankunan mai da famfunan da ke tura shi sama suna ƙarƙashin ƙasa, ruwa kuwa ya shafe su. A daren nan NYU Langone ya fitar da majiyyata wajen 300, har da jarirai wajen 20 da ke sashen kulawa ta musamman, waɗanda masu jinya suka rungumo ƙirji suka sauko da su bene tara suna hura musu iska da hannu. A Bellevue ma'aikata suka jeru a matakala suna miƙa wa juna bokitan mai har hawa na 13 domin kada injin ya mutu. Duk da haka tilas aka kwashe majiyyata fiye da 700, asibitin bai koma cikakken aiki ba sai Fabrairu 2013. Jaruntakar waɗannan mutane abin yabo ce ƙwarai, amma fa kada yabon ya rufe mana ido. Duk inda aka ga mai jinya na ɗaukar bokitin mai, to akwai wani mai tsara gini ko mai riƙe da baitulmali da bai yi nasa aikin ba.

Akwai inda aka ɗauki darasi. A watan Yuni 2001 ruwan guguwar Allison ya cika babbar unguwar asibitoci ta birnin Houston a jihar Texas, har asibitin Memorial Hermann ya kwashe majiyyata fiye da 500, ya yi fiye da wata guda a rufe. Daga nan hukumomin wurin suka kashe kuɗi mai yawa. Suka sa ƙofofin ƙarfe irin na jirgin ƙarƙashin teku a hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da ke haɗa gine-ginen, suka ɗaga kayan wuta sama, aka kuma faɗaɗa rafin da ke ratsa unguwar. Suka tsara ma'aikata ƙungiya biyu, ɗaya ta zauna cikin asibiti da guzurinta har guguwa ta wuce, ɗaya ta zo ta karɓe ta. Da guguwar Harvey ta zo a Agusta 2017, aka yi ruwan da ya haura inci 50 a waɗansu wurare na jihar, amma yawancin asibitocin unguwar ba su daina aiki ba. Gaskiyar Hausawa, tun ran gini ran zane.

Sai kuma abin da ke biyo bayan guguwa, wanda sau da yawa ya fi ita kanta ɓarna. Guguwar Maria ta sauka tsibirin Puerto Rico ran 20 ga Satumba 2017, ta lalata wayoyin lantarki na tsibirin duka, aka yi wata goma sha ɗaya kafin a gama mayar wa kowa wuta. Da fari gwamnatin tsibirin ta ce mutum 64 suka mutu. A Agusta 2018, bayan binciken Jami'ar George Washington, ta amince da ƙiyasin 2,975. Bambancin nan ya ƙunshi masu wankin ƙoda da ba su sami inji ba, da masu ciwon sukari da allurarsu ta lalace don rashin sanyi, da tsofaffi masu dogara ga iskar kwalba. Haka kuma a 2024 ambaliyar Helene ta tsayar da masana'antar kamfanin Baxter a jihar North Carolina, wadda ke yin wajen kashi 60 cikin 100 na ruwan da a ke ƙara wa marasa lafiya a Amurka, har asibitocin da ko iska ba ta taɓa ba suka riƙa ɗage aikin fiɗa. Kada kuma a manta su ma'aikatan nan mutanen gari ne. Mai jinyar da ke tsaye kan majiyyaci, gidanta na cikin ruwa, ba ta san inda 'ya'yanta su ke ba. Asibitin da bai tanadi inda iyalin ma'aikatansa za su fake ba, kada ya yi mamaki in an buga ƙararrawa mutane ba su cika ba.

A 2016 Gwamnatin Amurka ta kafa doka cewa duk asibitin da ke karɓar kuɗin inshorar lafiya na gwamnati dole ya rubuta shirin ko-ta-kwana, ya tsara hanyar sadarwa, ya kuma riƙa gwada shirin a kai a kai. Dokar ta yi kyau, sai dai takarda ba ta ɗaga inji daga ƙasa zuwa bene. Wannan sai kuɗi, kuɗin kuwa ƙananan asibitocin ƙauye da na talakawa su ne ba su da shi.

Mu nan Allah ya nisanta mu da guguwar teku, amma bai nisanta mu da ruwa ba. A watan Satumba 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ya lalata kayan aiki masu tsada, daidai lokacin da mutanen garin suka fi bukatarsa. Saboda haka muna kira ga shugabannin asibitoci da Ma'aikatun Lafiya, tun da rani, kowa ya zaga ya duba da idonsa inda injin wutarsa ya ke, da tankin mai, da ɗakin magani, ya tambayi kansa ina ruwa zai kai in ya shigo. Su zauna da likitoci da malaman addini su rubuta wa za a fara fitarwa, da wace mota, zuwa wane asibiti, a kuma karanta wa ma'aikata kowa ya sani. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyashe mu, amin.