Wa Zai Rubuta Labarin Samaru?

Jama'a, ƙarar marubutanmu na kawo, kuma a shafinsu zan shigar da ita. Daga Kudan zuwa Samaru ba wata tafiya ba ce, kuma yaran da muke yayewa a sakandaren Ikara da Makarfi can suke tururuwa. Amma tambayi ɗayansu abin da ya faru a Jami'ar Ahmadu Bello ran 23 ga Mayu, 1986, sai ya yi maka zuru.

Tushen abin yana 1978. Gwamnatin Obasanjo ta ƙara sule biyar a kuɗin abincin ɗalibi na yini, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa a ƙarƙashin Segun Okeowo ta ce sai Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya, ya sauka. Sojoji suka buɗe wuta a Samaru, aka haramta ƙungiyar. Bayan shekara 8 ɗalibai suka yi jerin gwanon tunawa da mamatan, jami'a ta hukunta shugabanninsu bisa zargin kutsawa masaukin mata na Amina, rikici ya koma kan Farfesa Ango Abdullahi, 'yan sanda suka shigo da bindiga. Hukuma ta ce mutum 4 suka mutu, ɗalibai suka ce sun fi haka. A 1989 Babangida ya kafa Doka ta 47 don ya sa wa ƙungiyoyin ɗalibai linzami.

Ban ce shugabannin wancan zamani waliyyai ba ne, akwai masu zafin kai a cikinsu. Amma sun san wanda ya zaɓe su, kuma kan kwanon abincin ɗan talaka suka yi faɗa. Yau fa? Yaro ya ɗaura wa kansa "Kwamared", ya ɗinka babbar riga, ya bi ofis-ofis yana raba wa 'yan siyasa lambar yabo, a sallame shi da ambulan. A ƙara kuɗin makaranta, ɗan manomin tumatir ya tattaro kayansa ya dawo gida, shi kuwa Kwamared yana can yana ɗaukar hoto da mai girma. Wannan ai ɗan amshin shata ne!

Ina laifin marubuci a nan? Tun ƙarshen shekarun 1980 kasuwar littafi ta buɗe a Kano, jarumai nawa muka kai jami'a? Duk aikinsu jingina da mota da jiran budurwa ta fito daga lacca. Ni dai ban taɓa cin karo da littafin Hausa da ya shiga zauren taron ɗalibai ba, inda ake jayayya, a kaɗa ƙuri'a, a tuhumi ma'aji kan kuɗin ƙungiya. Masu cewa wannan ba ya sayuwa, yaushe suka gwada? Ga jini, ga cin amana, har soyayyar ma akwai, tunda a kan masaukin 'yan mata aka soma rigimar.

Waɗanda suka ga abin da idonsu yanzu sun doshi sittin ko sun haura. Akwai su a garuruwanmu, suna zaune a ƙofar gida bayan la'asar, ba wanda ya je musu da biro da takarda.