Kuɗin Nan Naku Ne, Ku Tashi Ku Bi Sawunsa

Jama'a, a saurara! Iyayenmu mata, matasan majalisa, limamai da masu unguwanni, maganar nan da ku ake yi.

A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ne talauci ya yi wa katutu a Najeriya, kuma kashi 65 cikin ɗari daga cikinsu a Arewa suke. Da sunan waɗannan mutanen, wato da sunanku, ake ware kuɗi, da sunanku ake ciyo bashi. Dala miliyan 322 ta kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta maido, sharaɗinta shi ne a raba wa talakawa, aka zuba ta a shirin raba naira 5,000 duk wata. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka yi alkawarin naira 25,000 a wata, har wata uku, ga gidaje miliyan 15, ana dogaro da rancen dala miliyan 800 daga Bankin Duniya. Rance fa na ce, kuma 'ya'yanku ne za su biya. To don me idan an miƙo muku ɗan abin da ya samu kuke durƙusawa kuna godiya, sai ka ce daga aljihun wani ɗan siyasa ya fito?

Ku san ta inda ake shiga. Akwai rajistar masu ƙaramin ƙarfi ta ƙasa, daga cikinta ake zaƙulo waɗanda za a biya. Bisa ƙa'ida, jami'ai za su zo gari su tara maza daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya lissafo gidajen da ya san ba sa ɗora tukunya kullum, a haɗa sunayen, sannan a bi gida-gida a tantance. Tsarin ba shi da laifi. Inda gizo ke saƙa shi ne ranar taron. Bazawarar da ke tuya ƙosai a bakin lungu, da marayu biyar a ɗaka, ba wanda ya gaya mata. Tsohon da idonsa ya mutu ba mai yi masa jagora. Sai 'yan gaban goshi su cika wurin, a wayi gari mai babur biyu da shago yana cikin jeri. Duk wanda ya ji labarin taron ya yi shiru, da shi aka yi cutar. Ku yi shela a masallaci, ku faɗa a gidan suna, ku riƙo hannun tsohon nan ku kawo shi.

Yanzu kuma biyan ya rataya ga lambar NIN ta katin ɗan ƙasa da asusun da kuɗin zai faɗa. Matasa, wannan aikinku ne: ku kai iyayenku su yi katin ɗan ƙasa tun kafin a buƙata. Wanda kuwa ya turo saƙo ta WhatsApp yana neman kuɗin fom ko lambar sirrin katin banki, ɗan damfara ne, kada ku saurare shi.

Sai ƙungiyoyinmu na ci gaban gari. Tun 2009 shirin gwamnati na CSDP ya nuna yadda abin ke tafiya: gari ya zaɓi aikin da yake so, rijiyar burtsatse ko ajujuwa ko ɗakin shan magani, ya kafa kwamiti, ya buɗe asusu, ya kawo kashi 10 cikin ɗari na kuɗin aikin, ko da yashi da tsakuwa da aikin gayya ne, gwamnati ta cika sauran. Shirin NG-CARES da ya biyo baya ma a kan wannan turbar ya ɗora. Amma ƙungiyar da ba ta da rajista, ba littafin taro, kuɗinta na cikin aljihun shugaba, wa zai danƙa mata miliyoyi? Ku yi rajista, ku sa mutum uku su riƙa sa hannu a asusu, a cikinsu har da mace. Matan da suka riƙe adashi shekara da shekaru ba kwabon da ya yi ciwon kai, ba za a koya musu riƙon amana ba.

Kuma ku riƙa tambaya. A watan Janairun 2024 an dakatar da ministar jin ƙai, Betta Edu, kan zargin ba da umarnin tura naira miliyan 585 cikin asusun wani mutum. Takarda ce ta fita, jama'a suka ɗaga murya, shi ya sa aka motsa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ku damar rubuta wa hukuma ku nemi lissafi, ta amsa cikin kwana bakwai. Nawa aka turo mazaɓarmu? Su wa aka biya? A manna sunayen a ƙofar gidan mai unguwa kowa ya karanta.

Juma'ar nan, bayan an idar da salla, ku zauna. Ku rubuta gidajen da suka fi kowa buƙata, ku zaɓi mutum uku, ranar Litinin su kama hanyar sakatariyar ƙaramar hukuma da takarda a hannu. In an ce jami'in ba ya nan, su koma ranar Talata.