Wa Ya Tambayi Dorothy?

Duk wanda ya taɓa zama a ajin makarantar Littafi Mai Tsarki ya ji sunan William Carey, mai ɗinkin takalman nan na Ingila da ake wa kirari da uban aikin mishan na zamani. Ana ba da labarinsa don a zuga matasa: ya bar gida, ya haye teku, ya yi shekara 41 a Indiya bai sake taka ƙasarsu ba. Sunan matarsa kuwa sai an tona. In ma an ambace ta, a matsayin gicciyen da bawan Allah ya ɗauka ake ambatonta. Mu dai muna ganin wannan zalunci ne, kuma zaluncin bai tsaya a tarihi ba, tunda har gobe ana aika iyalai da irin wannan tunani.

Dorothy Plackett ta auri Carey a 1781, 'yar ƙauye ce wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa a lokacin. Mai ɗinkin takalma ta aura, babu zancen Indiya a cikin sharaɗin. Da aka kafa ƙungiyar mishan ta Baftis a Kettering a 1792, mijin ya ce zai tafi, ita kuma ta ce ba za ta ba. Tana da ciki, ga yara uku, ga 'ya'ya mata biyu da ta riga ta binne. Carey ya ɗauki babban ɗansu Felix ya kama hanya. Da tafiyar ta sami tangarɗa ya dawo, abokin tafiyarsa John Thomas ya yi ta matsa mata har ta yarda, bisa sharaɗin 'yar'uwarta za ta raka ta. Haka ta shiga jirgin ruwa a Yunin 1793 da jariri ɗan makonni, suka yi wata biyar a kan teku. A gaya mana, wannan yarda ce ko tilas?

Suna isa Kalkata guzuri ya ƙare. Suka yi ta gararamba, har cikin fadamun Sundarbans mai damisa da zazzaɓi, kafin Carey ya sami aikin kula da masana'antar shuni a Mudnabati. A can ne ɗansu Peter, ɗan shekara biyar, ya rasu a 1794, samun masu haƙa masa kabari ma sai da aka sha wuya. Daga nan hankalin Dorothy ya taɓu. Ta riƙa zargin mijinta da neman mata, ta taɓa kai masa hari da wuƙa, daga baya aka killace ta a ɗaki. Ranar da aka yi wa Krishna Pal baftisma a Serampore a Disambar 1800, mutum na farko da suka samu bayan shekara bakwai, ana murna a bakin kogi, ita tana kulle. A haka ta zauna har ta cika a Disambar 1807. Bai kai wata shida ba Carey ya sake aure.

Yaran fa? Da Joshua Marshman da matarsa Hannah suka haɗu da iyalin a 1800, sun tarar da samari huɗu babu tarbiyya babu karatun kirki, uwa ba lafiya, uba ya duƙufa kan nahawun Bengali. Hannah ce ta riƙe su.

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce Carey ya fitar da Sabon Alkawari cikin Bengali a 1801, ya kafa kwalejin Serampore a 1818, ya yaƙi al'adar ƙona mace tare da gawar mijinta har aka haramta ta a 1829. Duk gaskiya ne, ba mu rage masa ko ɗaya ba. Amma abin tambaya, mutumin da ya ga zaluncin da ake wa matan Bengal, yaya aka yi marubutan tarihinsa suka kasa ganin abin da ya sami macen da ke cikin gidansa? Sun fi ƙarni suna kiranta jahila wadda ba ta dace da babban mutum ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Za a kuma ce zamanin ne haka, kowa ya sha wuya. To ai Hannah Marshman ma a zamanin ta rayu, zafi ɗaya, cuta ɗaya, ita ma ta binne 'ya'ya. Sai dai ita da ƙafarta ta zo, ta buɗe makarantun da kuɗinsu ya riƙe mishan ɗin. Bambancin matan biyu shi ne ɗaya ta zaɓa, ɗaya an zaɓar mata. Mutum yana da ikon sadaukar da ransa don abin da ya gaskata. Ran matarsa da makomar 'ya'yansa amana ce a hannunsa, ba hadaya ba.

Dalilin da ya sa maganar ta shafe mu shi ne yanzu akalar ta juya. Da, Turawa ke zuwa mana. Walter Gowans da Thomas Kent na SIM sun iso a 1893, a shekarar da ta biyo baya suka mutu. Yau majami'un Nijeriya ne ke aikawa. ECWA tana da sashenta na bishara, EMS, wanda ya samo asali tun 1948, wasu ɗarikun kuma sun buɗe rassa har Turai da Amurka. Fastocin da ake turawa, da yawansu masu jin Hausa ne, da mata da yara suke tafiya. Ranar sallama ana ɗora wa maigida hannu, zumuntar mata ta rera waƙa, a yi baiko. Matar tana zaune a benci na gaba da goyo, ita ce za ta koyi cefane da harshen da ba ta sani ba, ta haihu nesa da uwarta, ta ciyar da baƙin da ke cika falo kowace Lahadi kafin a sami ginin majami'a.

Saboda haka muna kira ga duk hukumar da ke aika iyali: a zauna da matar ita kaɗai, ba a gaban mijinta ba, a ji ta bakinta, kuma "a'a" ɗinta ta tsayar da tafiya ba tare da an ce ta rasa bangaskiya ba. A ware kuɗin makarantar yara da na asibiti da na dawowa gida kafin a sayi tikitin tafiya. In aka ga alamar damuwa ta kama ta, a dawo da iyalin, ko da aiki zai tsaya. Wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti ta riga ta tsawatar wa wanda ya kasa kula da mutanen gidansa.

'Yan'uwanmu Musulmi ma kada su ce ba ruwansu. Malamin da ke fita wa'azi wata da watanni ya bar gida babu hatsi, amanar guda ce ya ci. Duk wanda zai tashi da sunan Allah, ya fara tambayar waɗanda za su biya kuɗin tafiyar da lafiyarsu.