Filin Uwargida: A Bar Kan Yara

'Yan'uwa mata, bikin Kirsimeti ya kusa, mun kuwa san za a zaunar da 'yan mata ƙanana a shafa musu man miƙar da gashi, wato rilaksa. Yarinya tana kukan zafi, a ce mata, "Daure, ado ne." Zafin nan ƙuna ce. Da yawa cikin mayukan nan akwai soda, irin wadda ake haɗa sabulu da ita. Takan ci fatar kai ta bar gyambo, gashi ya riƙa karyewa.

Mu manya ma ba mu tsira ba. A 2022 masu bincike na gwamnatin Amurka, da suka bi lafiyar mata fiye da 33,000, sun tarar ciwon dajin mahaifa ya ninka a wurin masu miƙar da gashi fiye da sau 4 a shekara.

Shawararmu ita ce, a jiƙa gashi da ruwa, a shafa man kaɗe, a taje a hankali daga baki zuwa tushe. In an je kitso, a roƙi makitsiya ta sassauta hannu, gama kitso mai tsanani ma yakan cinye gashin goshi.