Ɗaurin noti ba gwajin ƙwanji ba ne

A tashar motar Dutsin-Ma, ko a bakin titi cikin Kurfi, direba ba ya yarda mai faci ya gama aiki sai ya ga yaron shago ya zura dogon bututu a ƙotar sifana, ya haye kai, ya yi ta tsalle har noti ya yi kuka. A nan ne zai jinjina kai, wai taya ta ɗauru. Ɓarna aka yi masa, kuma da kuɗinsa.

Abin da ke juya noti shi ne ƙarfin murɗawa: ƙarfin da aka danna, sau tazarar da ke tsakanin wurin dannawar da notin. Da niyuton-mita ake auna shi. Yaro mai kilo 60 in ya tsaya a ƙarshen bututu mai tsawon mita ɗaya, ya ɗora wa noti kusan 590, tun bai fara tsalle ba. Toyota kuwa 103 ta ƙayyade wa notin tayar Corolla. Kusan ninki shida ke nan. Irin wannan ɗauri na tayar tirela ne, wadda ke neman wajen 600.

Ƙarfe yana da iyaka. Bol ɗin da aka ja fiye da kima yakan miƙe, ya sirance, haƙoransa su cinye, wata rana a faɗa rami ya tsinke. Ko bai tsinke ba, ranar da taya ta sace a hanyar Ƙanƙara dab da magariba, ƙaramar sifanar but ba za ta motsa notin ba, wurin kuma ba na daɗewa ba ne.

Dogon bututu yana da ranarsa, wajen kwance noti mai tsatsa. Ɗauri kuwa aikin sifana mai ma'auni ne: a saita adadin, a ja, ta ce ƙas, a tsaya. Tana da tsada, gaskiya, amma masu faci uku ko huɗu da ke jere a layi ɗaya za su iya haɗa kuɗi su sayi guda.

Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana da ɗaliban fiziks da ke zana wannan lissafi a allo. Ya kamata ƙungiyar makanikai ta gayyato su gareji da ma'aunin a hannu, a tara direbobi su ma su gani, domin su ne ke tsayawa a kan yaron suna cewa, "Ƙara matsawa!"