Kafin a tafi da ɗanki gwajin ƙwallo

Da zarar an yi hutun makaranta, filayen firamare daga Gaya zuwa Ajingi sai su cika da gasar unguwanni, kuma ba a rasa wani a bakin fili da jaka a rataye yana cewa zaƙulo 'yan wasa ya zo yi. Wasu da gaske suke, wasu kuɗin gwaji ya kawo su.

Ban ga laifin yaron da ya sa rai ba. A Kano Pillars Ahmed Musa ya yi suna, ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya, a 2010 ya wuce Holan. Sai dai ya kamata mu san yadda ake zaɓen.

Idon mai zaɓe yakan faɗa kan yaron da ya fi girman jiki. Mu ma'aikatan jinya mun san yara biyu 'yan shekara 14 sukan bambanta kamar wa da ƙane: ɗaya murya ta buɗe, ƙafa ta yi ƙwari, ɗayan ko alamar balaga bai fara ba. Nan da shekara uku sai ƙaramin ya kamo shi, har ya fi shi iya taka leda, tunda shi da dabara ya saba ƙwatar kansa. Wani ma ba halitta ce ta tsumburar da shi ba, ƙarancin abinci ne, ko tsutsar ciki, ko fitsarin jinin da ya kwaso a wankan kududdufi, kuma duk suna da magani. In an ce ɗanki ya yi ƙanƙanta, ba an ce bai iya ba ne.

Sai batun rage shekaru, wanda da yawanmu ba ma ɗauka ƙarya ce. Tun 2009 FIFA take ɗaukar hoton wuyan hannu da na'urar MRI a gasar 'yan ƙasa da shekara 17. A ƙarshen ƙashin akwai guringuntsin da yaro ke tsawo ta wurinsa; in ya haɗe gaba ɗaya, sai a cire shi. Nijeriya da ta ɗauki kofin nan sau biyar, a 2016 yaranta 26 suka faɗi gwajin, Nijar kuma ta fitar da ita. Na'urar ma takan zalunci yaron da ƙashinsa ya haɗe da wuri, don haka ki karɓar masa takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, kada ki bari kowa ya taɓa ranar da ke ciki.

Dokar FIFA ta hana sayar da ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa ƙungiyar wata ƙasa, sai bisa 'yan dalilai ƙalilan. Wanda ya ce ki sayar da awaki zai kai ɗan shekara 15 Turai, tambaye shi sunan ƙungiyar da takardar gayyata, babansa ko kawunsa ya je ya gani da ido. Fasfo kuwa ya zauna a adakarki.

Kafin gwaji a kai shi asibiti a saurari zuciyarsa, a duba sikila, musamman in yana sumewa ko ƙirjinsa na ciwo a guje. A fili Samuel Okwaraji ya faɗi ya rasu a Legas a 1989. Ki kuma laluba aljihun wandon ƙwallonsa lokacin wanki, don abokai suna ba juna tiramol da sunan maganin gajiya.