Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A gidajenmu da yawa akwai mai aikin karɓa-karɓa. Wani mai gadi ne, wani yana masana'anta, wata kuwa tana jinyar marasa lafiya a asibiti. Wannan mako da safe, mako mai zuwa da yamma, na bayansa da dare. Irin wannan aiki ba a barinsa sai mai karɓa ya iso, gama in mutum ɗaya ya tashi, aikin mutum goma ya tsaya.

To, ga inda wahala take. Bari mu ɗauki misalin uwa mai goyo wadda ta koma bakin aiki. Ranar allurar rigakafin jaririnta ta zo, ita kuwa tana aikin safe. Ta roƙi shugabanta a daren jiya, aka ce babu mai tsaya mata. In ta tafi asibiti, ta jawo wa kanta takardar gargaɗi. In ta zauna, yaro ya rasa allura. Wane za ta zaɓa?

Amma mu duba da kyau. Wannan rana ba ta faɗo daga sama ba. A Nijeriya ana yi wa jariri allura yana da mako 6, da 10, da 14, sa'an nan ta ƙyanda a wata 9. Tun ranar haihuwa ana iya lissafa su duka. Haka ranar awo, da ɗaurin aure, da ranar da makaranta ke kiran iyaye. Yawancinsu mun san da su tun da wuri, sai dai mu yi shiru har lokaci ya ƙure. Shugaban aiki kuwa yakan rubuta jerin masu aiki tun kafin mako ko wata ya kama. Wanda ya yi magana kafin a rubuta, sauƙin taimako gare shi. Wanda ya zo bayan an manna takarda a bango, sai a tayar da wani domin a zaunar da shi.

Saboda haka shawararmu uku ce. Ta fari, a rataye kalanda a ɗaki, a rubuta ranakun aiki da na alkawari wuri ɗaya, kowa a gida ya gani. Ta biyu, in za a yi musanya da abokin aiki, a yi da sanin shugaba, a kuma rama alherin ran da ya nema. Musanyar ɓoye ita ke cin aikin mutum ran da abokin ya makara.

Ta uku, mu san hakkinmu. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta 1974 ta ba masu aikin hannu da akawuna hutun awa 24 a jere cikin kowane kwana 7, da hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki da albashi bayan wata 12, da har kwana 12 na rashin lafiya a shekara in akwai takardar likita. Neman wannan ba raini ba ne.

Mu da muke gida kuma, kada mu yi saurin cewa wane ya ƙi zumunci don ba a gan shi wurin biki ba. Wataƙila yana tsaye ne domin mu kwana lafiya. Mu gaya masa ranar tun da wuri.